Yatsan da Gilashi Bai Ji Ba

A gidanmu na Sarandosa, damina ta aiki ce, sanyi kuwa na tatsuniya. Bayan sallar isha'i sai a hura wuta a tsakar gida, kakata Inna Tumba, mahaifiyar babanmu, ta zauna a kan tsohon turmi, mu jikoki mu kewaye ta, kowa na warin albasa don yini muka yi muna ban ruwa a fadama. Abin da na fi tunawa shi ne hannunta. Da yatsu take ɗaukar garwashi ta mayar cikin wuta, ko a jikinta. Da yake maigidanta take kirana, nakan tsokane ta in ce wannan hannu ko kofaton jaki albarka. Sai ta ce, "Kai dai ci tuwon da yat tuƙa, ragon miji."

Akwai tatsuniyar da ba ma gajiya da ita. Takan fara da, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri," mu ce, "Ta zauna mu ji ta." Wai an yi wata shekarar yunwa, sai aka ga wani dutse a daji cike da gero, amma ba ƙofa. Aka ce taɓa shi ake yi ya buɗe. 'Ya'yan sarki suka je suka shafa, dutse ya ce, "Wa ke nan? Ban ji kowa ba." Attajirai suka shafa, haka. Can sai ga wata mata mai yi wa mutane daka, tafinta duk kanta da faso. Tana ɗora hannu dutse ya ce, "Yanzu na ji mutum," ya tsage, gari ya ci ya ƙoshi. Nan Inna takan buɗe mana tafinta a hasken wuta ta ce, "Kun gani? Hannun da yas sha aiki, babu ƙohwar da ka ƙi shi." Na yarda da wannan magana har cikin ƙashina.

Da na girma na shiga jami'a a Aliero, can na fara zama gaban kwamfuta. A lokacin sai mai Turanci, sai wanda ya san madannai da linzami, ni kaina na sha kunya kafin hannuna ya faɗa. Ba a jima ba sai ga kwamfutar hannu, gilashi zalla kamar faifai, babu madanni ko ɗaya. Ka ga abu, ka taɓa, ya buɗe. Na ga yarinyar da ko zane ba ta iya ɗaurawa ba tana juya ta yadda take so. Na ce to, yau kam an yi kwamfutar kowa da kowa, har da Inna.

Autanta, Baffa Ladan, yana fataucin albasa a kurmi, sai ya shekara bai zo gida ba, kuma kullum zancenta ke nan. Na sayo kwamfutar a kasuwar Jega na kai mata. Ranar da ta fara ganin fuskarsa a gilashin yana magana, salati ta yi ta yi tana dariya. Daga nan duk Juma'a sai ya kira. Abin da babu wanda ya lura da shi, da zarar ta yi ƙara jikoki ke rige-rigen amsawa. Inna ta san inda ake ja da yatsa a amsa kira, ta gani ba adadi, amma ba ta taɓa amsawa da hannunta ba.

Sai lokacin dashen albasa ya zo. Wanda ya san garinmu ya san a irin ranakun nan ko kaza ka nema a gida sai ka wahala, babba da yaro kowa na fadama. Wata Talata da hantsi Baffa Ladan ya kira, ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Inna na gida ita kaɗai. Ta ja, bai amsu ba. Ya sake kira, ta sake ja. Ta rungumi kwamfutar ta fita maƙwabta tana sallama, ba kowa. Kafin mutane su dawo da la'asar, saƙon rasuwarsa ya riga su isowa.

Da na zo zaman makoki ta miƙo mini kwamfutar. "Maigida, abin ga naka ya lalace. Ina ganin Ladan, shina kira, ina taɓa huskatai, ya ƙi ni." Na sa yatsa, nan take ta buɗe. Na ce ta gwada a gabana. Ta ja a hankali, daidai wurin, gilashi ko motsi. Na riƙe hannunta ina kallo kamar ban taɓa ganinsa ba.

Na kai wa wani mai gyara a unguwar Jega Firchin. Ya duba ya ce lafiyarta lau, gilashin ne ba ya jin fatar da ta bushe ta yi kanta. "Tsofaffi da yawa haka suke fama," in ji shi. "Da ta ɗan lashi yatsan ma, da ta amsu." Na karɓi kwamfutar na fito.

Har yau na kasa yi wa 'ya'yana tatsuniyar dutsen nan. Ba na cewa Inna ta yi mana ƙarya, a duniyar da ta sani haka abin yake. Amma an ƙera wata ƙofa da ke buɗe wa kowane hannu mai laushi, kuma ba a tuna da irin nata ba.

Maganar mai gyara kuwa ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Kwamfutar tana cikin akwatina a Jega. Duk zuwan da na yi gida sai ta tambaya, "Maigida, an gyara abin?" Ni kuma in ce, "Ana kai, Inna. Lalacewar ta yi yawa."