Zoben da Aka Ɗaura wa Sitsofe

Kafin ladanin zangonmu ya kira asuba, Efo Gameli ya riga ya shiga taɓon bakin tafkin Keta har gwiwa. Haka yake yi duk shekara daga Satumba, lokacin da fararen tsuntsayen teku masu baƙar hula ke saukowa daga ƙasashen sanyi. Yana kafa raga mai laushi tsakanin sanduna. Wanda ya faɗa, ya cire shi a hankali, ya auna fiffikensa, ya matsa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa da awartaki, ya sake shi. Rana na ɗagowa ya wanke ƙafafunsa da gishiri ya tsattsage, ya zauna ɗinkin komar masunta, don da ita yake ci. Masu kula da tsuntsaye daga birni zobba kawai suke aiko masa da gaisuwa.

Shagona na zare da ƙugiya yana kallon rumfarsa. Fiye da shekara ashirin ina ganinsa, ina kuma jin abin da ake ce masa.

"Efo, yau wace ka ɗaura wa aure?" in ji matasan kwalekwale. "Ga zobe kullum, ba mu taɓa cin tuwon biki ba!"

"Amaryar ta fi ku hankali," yake cewa. "Ita ta san hanyar gida ko babu inji."

Bana ya ajiye awartaki, hannunsa ya soma rawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai abin da garin nan ya yi wa mutumin nan, kuma sai na faɗa, ko wa zai ji haushi.

'Yarsa Enyonam ta auri ɗan Mama Dzigbodi, mai kwalekwale uku da bakin da ba a ja da shi. Da aka haifi jikarsu Sitsofe, aka gayyace mu ranar fito da jaririya, da sassafe kamar yadda aka saba. Aka miƙa wa Efo Gameli ita. Yana dariya, yana yi mata wasa da yatsa. Sai na ga dariyar ta ɗauke. A wuyan hannun yarinyar akwai zare, an jera masa ƙananan zobba na ƙarfe.

Awartakinsa yana da ɗan karyayyen haƙori, duk zoben da ya matsa sai ya bar masa zane. Ya juya na farko, ga zanen. Na biyu, ga zanen.

"Mama, ina kika samo waɗannan?"

"Ina ruwanka? Ba na sata ba ne."

"Zoben nan ba ya fita sai an yanke ƙafa."

"To sai me? Tsuntsu ne, Gameli, ba ɗan'uwanka ba ne. Wannan ƙarfen ya ƙetare teku bai nutse ba. Duk yaron da ya sa shi, ruwa ba ya cinsa. Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Duba hannun yaran da ke nan!"

Muka duba. Yaron da ke goye, yarinyar da ke rarrafe, har ɗan limamin cocinsu, kowa da nasa, wani a hannu, wata a jigida. Ni da nake sayar da zaren ƙugiya ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa yake ƙarewa duk Oktoba ba. Ashe tarko ake ɗanawa da shi a yashi, a sa ɗan kifi a tsakiya. Tsuntsun da ba shi da zobe a kan sake shi. Mai zobe shi ake nema. Mutum ya kwashe rabin rayuwarsa cikin taɓo don halittun nan su rayu, ashe shi ke sa musu alamar yanka, kuma duk garin ya sani, ana gaisawa da shi da safe, ana yi masa ba'a.

Ban manta fuskarsa ba. Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Mama, tsuntsun da ya sa wannan ya ƙetare teku, gaskiya ne. Amma a bakin ruwanmu ya mutu, da igiya a ƙafa. Zoben matacce kika ɗaura wa jikata." Ya sa haƙori ya tsinke zaren.

Wurin ya hargitse. Mama Dzigbodi ta fizge yarinyar tana kuka tana zagi.

"'Ya'yana biyu teku ta cinye! Biyu! Kai me ka taɓa binnewa, gashin tsuntsu? In ruwa ya taɓa yarinyar nan, kai ne. Kada ƙafarka ta sake taka gidana."

Ba zan yi wa tsohuwar nan ƙarya ba, tsoronta na gaske ne. Na ga ranar da aka kawo gawar ɗanta na biyu. Amma tsoro ba ya halatta zalunci, kuma abin da ta yi bayan nan zalunci ne. Ta hana shi ganin jikarsa. Enyonam ta rasa inda za ta sa kanta, gidan miji ko gidan uba. Yarinyar ta yi haƙori, ta soma tafiya, kakanta yana hango ta daga nesa a kasuwa kamar ɓarawo. Masunta suka daina kawo masa koma. Na sha ganinsa da tsakar rana yana cin akple, tuwon masarar mutanen nan, da barkono kawai, babu ko kan kifi.

Dattawa suka je masa. Suka ce abu mai sauƙi ne: ya ɗebi zobba sababbi cikin waɗanda aka aiko masa, ya kai wa tsohuwa, ya ba ta haƙuri, a wuce wurin. Ni ma na ce masa ya duba. Ya ce, "Malam, ba nawa ba ne, amana ce. Kuma in na ba ta, na yarda ke nan cewa ƙarfe ke riƙe yaro. Gobe a ce sabo ba ya aiki sai wanda ya sha teku, a koma tarko."

Efo, kai ne wanda aka sa wa jikarsa a tafin hannu ɗaya, amana a ɗayan, ka ƙi sayen ɗaya da ɗaya. Na san malamai masu dogon wa'azi da ba su kai nan ba.

Abin da ya yi kuwa, bai yi wa kowa wa'azi ba. Wata mai soya kifi, Davi Akpene, ta biyo ta bakin tafki da ɗanta a goye, ya kira ta.

"Davi, zo ki riƙe min wannan."

"Ni? Ya tsattsage min hannu?"

"Ke da kike kama kaguwa da hannu? Zo."

Ta riƙe. Ta ji zuciyar tsuntsun na bugawa a tafinta. Ya ɗauki sabon zobe, ya taɓa shi a hannun ɗanta, ya matsa shi a ƙafar tsuntsun, ya ce, "Faɗi sunan yaron, ki sake shi. Yanzu mai rai ne zai ƙetare da sunansa."

Zan faɗi gaskiya: ni ban yarda da wannan ba, kamar yadda ban yarda da wancan ba. Allah ne ke tsare yaro, ba tsuntsu ba, kuma na faɗa masa. Ya ce shi ma ya sani. Amma uwar da ta saki tsuntsu da sunan ɗanta, in ta ga wani yana ɗana tarko a yashi, sai ka ji tausayin mai tarkon. Da idona na ga Davi Akpene ta kori ƙaninta da ludayin miya har cikin ruwa.

Da shekara ta zagayo, tsuntsun nan ya sake faɗawa ragarsa. Lambar ce, zanen ne. Ya aika aka kira ta. Kafin azahar labari ya gama kasuwa: na Akpene ya je ya dawo da ransa. Daga nan mata suka fara layi a bakin taɓo da asuba. Zaren ƙugiyata ya daina ƙarewa a Oktoba, kuma ban taɓa murnar rashin ciniki kamar wannan ba.

Mama Dzigbodi dai ba ta zo ba. Har bana, safiyar da Efo Gameli ya ce ita ce ta ƙarshe a aikinsa. Muna tsaye sai ga ta, ta ɗage zane, tana ratsa taɓo, Sitsofe na riƙe da yatsanta.

"Tsohon mahaukaci," ta ce, "an ce za ka bar aiki. Zaɓo mana mai ƙarfi, ba irinka ba."

Ya ciro ɗaya daga raga. Ya ɗaga awartaki, hannun ya kama rawa. Ƙafar tsuntsun nan ba ta fi tsinke kauri ba, kuskure kaɗan ta karye. Ya gwada, ya janye. Ya sake gwadawa, ya janye. Sai tsohuwar ta yi tsaki, ta kama wuyan hannunsa da hannayenta biyu, ta riƙe gam.

"Matsa mana. Ko sai na yi maka wannan ma?"

Ya matsa. Yarinyar ta faɗi sunanta da kanta, tsuntsu ya tashi. Ta juyo ta tambayi kakarta, "Wane ne wannan?" Efo Gameli ya zauna a cikin taɓo ya rufe fuska.

Yarinya mai magana ba ta san kakanta ba, kuma gidajensu suna jin zakaran juna. Mu muka yi wannan, mu da muka gani muka yi shiru.

Mun gode, Efo, mai ƙafa cikin gishiri. Allah ya saka maka, ya bar ka ka ga girman Sitsofe. Ku kuma matasan kwalekwale da kuka iya ba'a, ragar tana rataye a rumfarsa, awartakin na kan benci. Tsuntsayen za su dawo a Satumba, kuma hannunku ba ya rawa.