Oreste Mai Aski da Babban Cocin Garinmu

Shagon askin Oreste Bonacini yana fuskantar babban cocin garinmu, ba abin da ya raba su sai dandali da tattabarunsa. Daga ƙasashe masu nisa ake zuwa kallon tsohon ginin nan, amma Oreste har ya yi furfura bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ɗan kwaminis ne da ba ya ga-maciji da addini, a wurin ubansa ya gada. Ranar auren 'yarsa a waje ya tsaya, ya jingina da zakin dutsen da ke bakin ƙofa yana busa taba har aka tashi. Ranar jana'izar surukarsa ma haka, sai dai a ranar an ga fara'a a fuskarsa.

Wa'azinsa ya fi na Fada, limamin cocin, tsawo. Sai ya shafa wa mutum kumfa, ya ɗora masa aska a maƙogwaro, sannan ya tambaye shi ra'ayinsa kan limaman coci. Ba a taɓa yi masa musu ba, shi kuwa ya ɗauka ƙarfin hujjarsa ne. Kullum da safe matarsa Nerina takan wuce ta gaban shagon za ta addu'a.

"Ki gaishe min da su," yakan ce.

"Suna amsawa. Sun ce suna jiranka, ko da ƙafarka ko a kafaɗar mutane."

A wata bazara mai tsananin zafi sai ga baƙuwa daga Ajantina. Graciela ce, 'yar yayansa Ivo, wanda ya yi ƙaura tun suna samari ya rasu a can. Ta same shi shago cike da mutane, ta rungume shi, ta ce, "Baffa, kai ni in ga inda aka yi muku baftisma kai da Baba."

"Ni ba a yi min ba, 'yata."

"An yi maka mana. Baba ya ce mahaifiyarku ce ta faki idon tsohonku ta kai ku. Wai kai har fitsari ka yi wa Fada a hannu."

Wanda ke kan kujera ya tuntsire da dariya, dole Oreste ya janye askar. Yarinyar da ta tsallako teku ba a ce mata a'a. Ya jawo hularsa har kan gira, ya zagaya ta gefen dandali yana raɓe-raɓe, kamar akwai wanda bai san tafiyarsa ba a garin.

Da suka shiga sai duhu da sanyi suka tarbe shi. Ya ɗaga kai neman rufi har wuyansa ya ƙage. Don kada ya ji kunya, ya shiga yi mata bayani da murya mai ƙarfi. Ya nuna mata kabarin wani tsohon limami, ya ce wannan shi ya tatse talakawan zamaninsa. Graciela ta duƙa ta karanta rubutun, ta ce ai mace ce a kwance a nan. Oreste ya ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wurin baftisman kuwa sun zagaya sun zagaya bai gano shi ba. Daga ƙarshe ya ce ta nema da kanta, shi gwiwarsa ta motsa.

Ya zauna a benci, ya haɗa hannuwansa a kan hula. Sanyin dutse ya ratsa shi, kansa ya sunkuya, barci ya kwashe shi. A haka Delfina, aminiyar Nerina, ta gan shi. Ta yi alamar gicciye, ta bar kyandir ɗinta ko kunnawa ba ta yi ba, ta fita da sauri. Kafin ya farka, daga gidan burodi har mahauta an ji cewa Oreste ya tuba, wasu ma sun ga hawayensa.

Washegari Fada Ubaldo, wanda a wani gari ake yi masa aski, ya shigo ya zauna a kujera.

"Na ji ka daɗe a wurinmu jiya."

"Barci na yi, Fada."

"Ai rabin jama'ata abin da ke kawo su ke nan. Barka da zuwa."

Graciela ta koma gida, zafi kuwa bai koma ba. Sai aka fara ganin Oreste yana tsallaka dandali bayan abincin rana. Wanda duk ya tambaya, sai ya ce leburori ne suka ɗauki duwatsun nan a ka, saboda haka sanyin na talakawa ne, nasa rabon yake karɓa. Ya kama benci a bayan wani ginshiƙi, baƙon da ya ɗaga murya kuwa ya sha harara.

Ranar Lahadi kawai yake fashi. Yakan tsaya a ƙofar shago yana kallon masu shiga, yana girgiza kai.

"Dubi yadda ake wasa da hankalin mutane," yakan ce wa duk wanda ke kusa. "Allah ya sa dai kada su zauna min a benci."