Ƙafar Daman Nafi'u

Jama'a, ku da kuka zauna da shi kun sani. A garin nan na Guangzhou akwai gaisuwa guda ɗaya da mai sauri ba ya yi wa Alhaji Ɗanlami Mai Takalma. Ka ce ina kwana, ya ce lafiya. Ka ce ya kasuwa, ya ce da godiya. Amma ranar da bakinka ya suɓuce ka ce "Ya yara?", to ka nemi wurin zama, don ko kwantenarka ake lodi sai dai a ƙarasa ba kai.

Sai ya ajiye ledar hannunsa a tsakiyar hanya, ya maƙala tabaran nan nasa mai hannu ɗaya, ya zaro waya.

"Yara ka ce? Matso. Karanta min sunan da ke sama."

"Alhaji, ai jiya na karanta."

"Jiya daban, yau daban. Karanta."

Ka karanta: Nafi'u Ɗanlami.

"A ina?"

"A sama."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kafa gasar."

"To, haka yaran suke. Ya naka?"

Ni Bala na fi kowa shan wannan karatun, domin taubashina ne. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, shi ya kawo ni China, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Mace. Saboda haka ku bar ni in faɗi abin da ya yi, yau ba shi da bakin ramawa.

Ga waɗanda suka zo daga baya: Nafi'u babban ɗansa ne. Ya tafi Amurka karatun haɗa magunguna. A Kano mai tsaron gida ne a ƙwallon unguwa, ƙafarsa kamar gatari. Can a makaranta wani mai horarwa ya ga ya sheme ƙwallo ta haye rufin ɗakin motsa jiki, sai ya ja shi cikin wasan nan nasu da suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake rungumar ta, ƙwallon ma ga ta kamar gwanda. Jami'o'in yankinsu suna da gasa tasu tun zamanin kakanni, kuma suna da shafi da ake jera waɗanda suka fi kowa a tarihi: wanda ya fi gudu da ƙwallo, wanda ya fi jifa, wanda ya fi cafewa. Can ƙasa, inda yatsa ke gajiya kafin ya kai, akwai wanda ya fi yawan bugun sallama. Nan Nafi'u yake.

Me ake nufi da bugun sallama? Alhaji ne ya raɗa masa sunan. A wasan ana ba ku dama kaɗan ku matsa gaba. In kun gwada kun gwada abu ya faskara, sai a kira mutum ɗaya ya zo ya buga ƙwallon can nesa, a miƙa wa abokan hamayya. Aikin Nafi'u ke nan. Wato, ku gane, ba ya fitowa sai 'yan ƙungiyarsa sun kasa.

Lokacin da yaron yake buga wasa, kun tuna safiyar Lahadi. Daren Asabar ɗinsu ne hantsinmu. Alhaji zai bi mu ɗaki ɗaki yana buga ƙofa: "A fito, akwai shayi!" Shayin kuwa ganye ɗaya ne a buta, tun yana ja har ya koma kalar ruwan alwala. Mu taru a ɗakinsa, ya jingina waya a jikin kwalin takalma, shi kuma ya ɗora rigar wasan da Nafi'u ya aiko masa a kan kaftani, ga hula zanna a ka. Wallahi in ka gan shi sai ka ce an yi wa liman rigar aro.

Ranar farko mun zo da zuciya ɗaya. 'Yan su Nafi'u suka ɗauki ƙwallo, wani baƙin yaro ya tsinke da gudu, muka miƙe muna ihu. Na waiga, na ga Alhaji ya haɗe rai.

"Ku zauna! Me kuke wa murna?"

"Yaya, ai namu ne!"

"Naku dai."

Can aka kayar da su, aka sake kayarwa, aka kuma. 'Yan kallon filin suka dafe kai. Sai Alhaji ya yi tsalle, hula ta faɗi.

"Allahu akbar! Ga shi nan! Ku matsa, kar ku tare min shi!"

Nafi'u ya shigo, ya buga, ya fita. Duka duka bai kai tsawon atishawa biyu ba. Alhaji ya share hawaye ya ce, "Kun gani? Duk filin nan shi kaɗai ne mai gaskiya. An ce ƙwallon ƙafa, shi kaɗai ya sa ƙafa. Sauran duk dambe suka zo yi."

Allah ya taimake shi, ƙungiyar tasu ba ta da kataɓus. Shekara da shekaru ana dukansu kamar gangar biki, Nafi'u yana ta fitowa, Alhaji yana ta ƙiba. Sau ɗaya tak na ga sun yi abin kirki, suka lallasa wata makaranta tun daga farko har ƙarshe, ba a nemi Nafi'u ba ko sau ɗaya. Alhaji ya kife wayar.

"Yau an zalunce mu."

Alhaji Isuhu na Maraɗi ya ce, "Haba Alhaji, ai kun ci!"

"Su suka ci. Mai horarwar nan ɗan baƙin ciki ne. Ya ga yaro yana tashe, ya haɗa baki da sauran su yi ta cin wasa."

Isuhun nan dai shi ya ɗauki nauyin wayar masa da kai. Wata rana muna cin tuwo ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri in gaya maka. Na tambayi masu sani. Wannan abin da ɗanka ya zo na ɗaya a kai, shaida ce ta cewa ba a taɓa ƙungiyar da ta kai tasu lalacewa ba. Kamar a ce wane ya fi kowa yawan zuwa jana'iza ne a garin da ake annoba."

Alhaji ya gama tauna lomarsa, ya suɗe yatsa.

"Isuhu, in motarka ta mutu a daji, wa kake kira?"

"Makanike."

"In tana tafiya lafiya fa?"

"Ba na kiransa."

"To ka taɓa jin an zagi makanike don mota ta mutu? Wanda ake nema ranar da abu ya ɓaci, shi ne babba. Miƙo min yajin nan."

Sai maganar takalma. Kun san a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu samfurin da ake ajiyewa a kanta ƙafa ɗaya ne, ɗayar tana sito. Kun kuma san Alhaji, mutumin da yake wanke ledar shago ya shanya. Akwai wata Madam Lin da yake sari a wurinta. Duk sanda sabon takalmin wasa ya fito, sai ya ɗauki samfurin, in na dama ne, ya juya shi ya juya, ya ce, "Lawban, wannan kyauta." Lawban shi ne mai shago da yarensu.

Ta ce, "Meyo, meyo!" Wato babu.

Sai ya zauna. Ya sha shayinta, ya ci gyaɗarta, ya nuna mata hoton Nafi'u daga ƙirji zuwa sama. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya buga cinyarsa ta dama, ya ce, "Ɗana. Amurka. Ƙafa ɗaya. Lamba ɗaya!" Tun daga ranar matar nan ta daina cewa meyo. Da kanta take ware masa na dama, har ta sa a leda mai kyau. Shi kuma duk wanda ya ji zai bi ta Amurka, ko ɗan'uwan maƙocin wani ne, sai ya ɗora masa.

Ina zaune Nafi'u ya kira. "Baba, na gode, sun iso. Amma ɗakina ya cika da takalman dama. Na hagu fa?"

"Hagu me ta taɓa yi maka? Rakiya kawai take yi. Ta sa tsohon."

Asiri ya tonu ranar da na raka shi shagon, ya ga dama ya nuna wa Madam Lin bidiyo. Ta ga yaro ya rugo a guje da ƙafafu biyu lafiyayyu. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta ɗaga yatsu biyu a fuskar Alhaji tana zuba yarensu kamar ruwan sama. Ashe duk shekarun nan baiwar Allah ta ɗauka yaron gurgu ne, har tana ba 'ya'yanta labarinsa don su yi zuciya! Ta rarumo abin kakkaɓe ƙura, Alhaji ya tattare riga, sai ga mu a bakin titi muna haki.

Na ce, "Yaya, ka ji kunya."

Ya ce, "Ɗan Mace, ni ban ce ba shi da ita ba. Cewa na yi ba ya amfani da ita." Da sati ya zagayo ya koma ya kai mata dabino, suka shirya. Amma samfur, har ya bar duniya, meyo.

Nafi'u ya gama, ya kama aikinsa na magunguna, sunansa ya zauna a sama. Alhaji ya samu kwanciyar hankali, har sai da wani Baturen yaro ya ɓullo a wata jami'ar cikin gasar. Shi ma ƙafa gare shi, ƙungiyarsa kuma ta fi ta su Nafi'u taɓarɓarewa. Kullum aka buga wasa sai ya ƙara matsowa. Ya haye na uku, ya zauna a na biyu, kuma saura masa shekara guda cur. Alhaji ya daina cin abinci sosai. Ku kuna dariya, amma ni da nake kwana kusa da shi na san abin ya taɓa shi. Ya ce min, "Ɗan Mace, ni ban yi boko ba, ban gina komai da sunana ba. Wannan layin ɗaya ne aka rubuta Ɗanlami a inda duniya ke gani."

Ranar wata Juma'a muka fito daga Masallacin Huaisheng, sai ya damƙe hannun Malam Habu, wanda yake ja mana salla a masauki.

"Malam, addu'a nake so a yi min a kan wani yaro."

Malam ya ja da baya. "Alhaji, ni ba na yi wa ɗan kowa mugun baki."

"Wa ya ce mugun baki? Alheri nake nema masa. A roƙa wa ƙungiyarsa nasara. Allah ya buɗa musu hanya, duk wanda ya ɗauki ƙwallo ya kai ta gida. Kar su gaza ko sau ɗaya. Shi kuma yaron Allah ya ba shi hutu, ya zauna a benci cikin ƙoshin lafiya."

Malam ya yi ta lissafi, yana neman inda haramcin yake, bai samu ba. Ya ce, "To, ai wannan ba laifi." Nan a gefen titi muka ɗaga hannu, mu Kanawa da mutanen Maraɗi, muna roƙa wa wasu Turawan da ba su san da zamanmu ba nasara. Isuhu yana amin yana dariya har da tari.

Ku yarda ko kar ku yarda, shekarar nan yaran suka farfaɗo. Alhaji ya koma goyon bayansu fiye da iyayensu. Safiyar Lahadi ka ji shi yana ihu, "Ku wuce! Ku wuce, 'yan albarka!" In kyamara ta hasko Baturen yana zaune ya rafka tagumi, sai ya ce, "Yauwa, huta abinka, ɗana." Yaro ya gama makaranta a na biyu. Ranar Alhaji ya sa ganyen shayi biyu a buta, abin da ba a taɓa gani ba. Amma da yamma na same shi jugum.

"Yaya, lafiya?"

"Yaron nan nake tunani. Shi ma fa yana da uba." Washegari ya koma wurin Malam Habu, a roƙa wa yaron aiki mai kyau da mace tagari.

Bara Alhaji ya tafi gida hutun Salla, ciwon kwana kaɗan, sai waya muka samu cewa ya rasu. Na bi jirgi na je Kano. A zauren gidan na tarar da Nafi'u, ya zama babban mutum, har da furfura ɗaya biyu a gemu. Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi, ina so in sa shi murmushi, na ce, "Na ɗaya a tarihi."

Ya yi murmushin, sai kuma idonsa ya kawo ruwa.

"Kawu, ka san a can abin tsokana ne? Ni kunyarsa nake ji. Duk sanda zan shiga fili, mutanenmu tsaki suke yi, wasu ma tashi suke su tafi sayen abinci, don fitowata na nufin mun kasa. Filin nan cike, ba mai son ganina. Abin da yake riƙe ni kawai, na san a can wani ɗaki a China akwai mutum ɗaya da ya miƙe tsaye."

Na riƙe hannunsa, muka zauna.

Allah ya jiƙan Yaya Ɗanlami. Ya Allah, bawanka ne da bai iya ganin gazawar nasa ba, kai ma ka kau da kai daga tasa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta, ka raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ku shafa, jama'a. Amin.