Warin da Ya Kai Ni Jami'a

Ni dai tun ina ƙarama warin daddawa bai taɓa damuna ba. A cikinsa na tashi a Nahuce, Innarmu na dafa kalwa a wata tsohuwar tukunyar ƙasa, ta surfa, ta wanke, ta rufe a kwando har ta nuna. Da wannan sana'a ta yi mini karatu. Da na zama malama a jami'a a Gusau aka ce in zaɓi abin da zan yi bincike a kai, ko tunani ban tsaya yi ba na ce daddawa.

Abokan aiki suka samu abin dariya. Duk inda na gifta sai a ce ga Dakta mai daddawa nan, a buɗe taga. Ko a jikina! Shekaru na yi ina bin ƙwayoyin halittar da ke nunar da kalwa, har na ware wadda ke ba da daddawa mai kyau kullum, ba yau ta yi gobe ta lalace ba. Na rubuta takardu, aka yaba, aka jera su a kantar laburare suna shan ƙura. Abin ya riƙa ci mini rai. Wallahi ban sha wahalar nan don a ajiye ta a kanta ba, so nake in ga daddawata a tukunyar miyar mutane.

Sai na ƙudura buɗe ƙaramar masana'anta. Na samu ɗaki a bayan gidana, na yi magana da matan da ke kawo kalwa daga kasuwar Tsafe, maigidana ma ya ce bismilla. Abu ɗaya ya rage, albarkar Inna. A gidanmu ba a fara sana'a sai uwa ta sa baki, ni kuma ban yi niyyar zama ta farko da za ta karya wannan ba.

Na je Nahuce da murnata na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi kika ce? Daddawa? Ban lamunta ba."

Na shiga yi mata bayanin tsafta da leda da injin busarwa. Ta ɗaga mini hannu.

"Ke ɗiyar nan, don ki rabu da wanga wari na kai ki boko. Kin san abin da ya hana ni shiga hotonku ran da kika gama karatu?"

Hoton yana rataye a falona, ga Baba, ga ƙannena, babu Inna. Duk zatona cunkoso ne ya raba mu. Ashe da ta shiga zauren taron ta zauna, matar da ke kusa da ita ta ja mayafi ta toshe hanci. Inna ta tashi ta fita, ta tsaya can bakin ƙofa har aka watse, don kada ta ba ni kunya gaban manya. Da ta faɗa mini, raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a mota har Gusau. Amma niyyata ba ta motsa ba, sai ma ƙaruwa da ta yi.

Ana nan aka yi suna a gidan ƙanwata. Ranar tun safe nake juya kalwa a ɗakin gwaji, warin ya kama ni har ɗankwali. Da gangan na ƙi sauya kaya, ko turare ban fesa ba. Na isa gidan suna, na ratsa mata na zauna tsakiyar tabarma, kafaɗata na gogar ta Inna.

Wata gwaggonmu mai tsokana ta shaƙi iska ta ce, "Kai! Wa ya shigo mana da miya? Dakta, ke ce?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo. Wannan warin ya saya mini littafi, shi ya kai ni jami'a, shi ya ba ni Daktan da kike kira. Wadda ya dama ta matsa, tabarma da faɗi."

Mata suka kwashe da dariya har da tafi, kuma ba wadda ta matsa. Inna kuwa kanta a sunkuye tana murza bakin zanenta. Na ce a raina shi ke nan, na ƙara ɓata lamarin.

Da la'asar na fito zan tafi, sai na tarar da ita tsaye jikin motata, rungume da tsohuwar tukunyar nan da ta baƙe da hayaƙi.

Ta ce, "Buɗe bayan. Ki aza ta a hankali, ta girme ki. Allah shi yi albarka."

Na ce, "Amin, Inna. Amma da sharaɗi, ranar buɗewa ke za ki tsaya a gaba."

Ta harare ni ta ce ban da kunya, amma ta zo. Mai hoto ya ce mu matso kusa, na riƙe hannunta gam don kada ta sulale mini. Wannan hoton na rataye shi kusa da na farko, kuma a cikinsa Inna ce a tsakiya.