Ranar da Yayana Ya Tambayi Aikina

Yayana gyaran rediyo yake yi a Kaura Namoda, a wani ƙaramin shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Shi ya ɗauko ni daga Shinkafi bayan rasuwar mahaifinmu, ya sa ni makaranta. Shi kansa bai wuce firamare ba.

Shekarar da nake rubuta kundin digirina na uku na zo hutun Sallah, na zauna a bencin shagonsa da hantsi. Wasu abokansa biyu 'yan Zurmi suna jiran a gama musu gyara. Yana cikin narka dalma ya ce, "Wai ƙanena, mi kake bincike a kai haka shekara da shekaru?"

Na ce masa wata matacciyar tauraruwa ce, ƙarama amma mai tsananin nauyi, tana juyawa sau ɗaruruwa cikin sakan guda. Akwai wata tauraruwar kusa da ita da take zuƙar iskarta. Wani lokaci tana aiko da sigina irin ta rediyo, sai kuma ta ɗauke, ta koma fitar da haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Aikina shi ne in haɗa abin da na'urori daban-daban suka kama daga gare ta a lokaci guda.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ashe tashar ba mutuwa take ba, mita take canzawa. In ka rasa ta a gajeren zango sai ka neme ta a wani."

Na yi dariya na ce, "Yaya, abin ya fi nan zurfi." Na ciro wayata ina latsawa. 'Yan Zurmin ma suka yi dariya. Ya ce, "To, Allah shi taimaka," ya sunkuya kan aikinsa.

Maganarsa tana kan hanya, kuma na sani tun a wurin. Ban dai so a ga aikin da ya ci mini shekaru ya shiga kan mai gyaran rediyo cikin minti biyu ba.

Bai sake tambayata ba. In na buga waya, lafiyata yake tambaya, da ko ina samun abinci. Na sha yin niyyar in na dawo zan buɗe masa kwamfuta in nuna masa komai a tsanake. Ciwon suga ya kwantar da shi da damina, ya rasu ina can.

Da na zo gaisuwa matarsa ta ce duk wanda ya kawo gyara sai ya faɗa masa ƙanensa na sauraren taurari. Na ce Allah ya jiƙansa, na kasa ƙara komai.