Sabuwar Roba a Teburin Baba

Mijina mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya tona wa mahaifina asiri a gaban rabin garin Tanut. Har yau in na tuna sai in rasa wanda zan ji wa haushi a cikinsu.

A zauren gidanmu akwai teburin bilyar, irin wanda ake buga ƙwallaye da doguwar sanda a kan koren ƙyalle har su faɗa ramukan gefe. Tun zamanin Nasara yake. Wani kumandan ne ya sa aka jawo shi aka ajiye a gidan saukar baƙin gwamnati, inda Baba ya yi aikin kuku tun yana saurayi. Da aka tashi gyaran gidan aka ce a faskara teburin a yi itace, Baba ya ce sai dai a haɗa da shi a faskara. Ya tara majiya ƙarfin unguwa aka ɗora shi a amalanken shanu, sai da aka fasa ƙofar zaure kafin ya shiga. Ƙafafunsa kamar turame, ƙarƙashin ƙyallen kuma dutse ne. Innarmu, Allah ya jiƙanta, har ta rasu tana cewa da an bar ta ta shanya kuɓewa a kai da ya fi amfani.

Robar da ke gefe-gefen teburin, wadda ƙwallo zai buga ya dawo, ta mutu tun ban san kaina ba. Zafin Damargu ba ya barin roba da rai. Wani gefen in ƙwallo ya buga sai ya tsaya cak. Wani gefen sai ya lallaɓa jikin katako ya zurma rami da kansa. Teburin kuma ya ɗan karkata gabas, Baba ya ce ai teburi ne mai sanin alƙibla. Duk waɗannan halaye Baba ya san su fiye da yadda ya san halin ƴaƴansa, shi ya sa ba a taɓa cinsa ba. Jandarmomi sun gwada, malaman lakwal, wato makarantar boko, sun gwada, direbobin hanyar Agadas sun gwada, kowa ya fita yana sosa ƙeya. Baba ba shi da raƙumi, ba shi da kanti, bai je Makka ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in ya wuce a ce, "Ga tsohon da ba a ci."

Wanda ya fi kowa shan kashi shi ne taubashinsa, tsohon malamin dabbobi na Belbeji. Duk ranar kasuwa sai ya hau bayan mota ya zo a lallasa shi. Tun daga ƙofa yake farawa:

"Ina ɓarawon kukun nan? Yau dai ƙaryarka ta ƙare!"

"Shigo, mai warin awaki," in ji Baba. "Ka wanke hannu kafin ka taɓa mini sanda."

Ni kaɗai na san Baba ya daina gani sosai. Wata safiya na shigo daga gidana na tarar da shi yana yi wa buhun gero sallama a zaure, har da tambayarsa mutanen gida. Na tuntsire da dariya, sannan na dubi idonsa da kyau, dariyar ta maƙale mini. Ashe yanar ido ce ta rufe shi. Abin da ke kusa yana ganinsa dishi-dishi, na can ƙarshen tebur kuwa sai dai kunne. In zai buga sai ya zagaya yana shafa ƙyalle kamar mai kakkaɓe ƙura, ashe ƙwallaye yake lalube. Sauran aikin kuma teburin ke yi masa, tunda ya san inda kowane ƙwallo zai je ya mutu.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "in kika faɗa wa ko kazar gidan nan, ban yafe ba."

"Baba, a Damagaram ana cire wannan abin."

"In je Damagaram a ɗaure mini ido, gari ya ɗauka? Tafi ki dama mini fura."

Ana nan sai mijina ya je Kano da babbar motar da yake tuƙawa, ya ga wani tebur inda ƙwallo ke buga gefe ya dawo da gudu. Tausayin surukinsa ya kama shi. Ya jira Baba ya tafi masallacin Juma'a, ya shiga zaure ya auna gefunan da igiya. Da ya sake dawowa daga Kano sai ga shi da buhu, a ciki dogayen robobi a naɗe, sababbi fil, suna wari.

Na ce, "Maigida, don Allah ka bar teburin nan. Ka sayo masa babbar riga."

"Riga ai kowa na iya sayowa," in ji shi, yana ta washe baki.

Kai, na so in kwaɗa masa muciya! Amma me zan ce? Na ruga wurin Baba na ce ya ce ba ya so.

"Ni in mayar da kyautar suruki? A wane gari aka taɓa yin haka?"

"To bari in gaya masa gaskiya."

"Gwada ki gani."

Wanda bai san surukuta irin tamu ba zai ce ai magana ɗaya ta isa. Ina! Tun da aka ɗaura aurena mijina bai taɓa duban fuskar Baba ba, shi ya sa ma bai san halin da idon ke ciki ba. Ranar da ya kawo buhun, tun daga waje ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, yana yi wa tabarma bayani. Baba kuma ya juya yana amsa wa bango. Ya ce, "Allah ya yi albarka," da irin muryar da ake karɓar gaisuwar mutuwa. Mijina ya fito yana cewa tsoho ya ji daɗi har ya kasa magana.

Kafintan unguwarmu aka kira. Gadaje da ƙofofi ne aikinsa, bai taɓa taɓa bilyar ba, amma ya ce ya gani a waya. Ya jingina wayar a jikin buta, wani Bature na ta zuba bayani da yaren da ba wanda ya ji, shi kuwa yana gyaɗa kai. Ƙusoshin da suka riƙe katakan gefe sun yi tsatsa, sai da mijina ya kawo baƙin man mota aka jiƙa su. Da aka ɗaga katakan, ga ƙwallon dabino, ga busasshiyar kunama. Aka ɓamɓare ƙyallen a hankali, aka shiga kankare tsohuwar robar da wuƙa, tana ɓarɓashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Baba na zaune a kujerarsa ya ba su baya, yana jan carbi da ƙarfi.

Sabuwar robar tana da baki mai tsini, wanda ake so ya tsaya ɗan sama da tsakiyar ƙwallo. Kafinta ya shafa gam ya manna ta a kife. Da aka ɗaure aka gwada, ƙwallo ya buga gefe ya yi tsalle ya bar teburin, ya fasa wa Baba kofin shayi. Ban taɓa jin Baba ya yi murna da asara ba sai ranar.

"Kun gani ko?" ya ce. "Teburin ya ƙi. Ku mayar masa da abinsa."

Ni ma na ce alhamdu lillahi. Amma mijina, Allah ya shirye shi, ya ɗauki waya ya yi ta mayar da Baturen baya har ya gano kuskuren. Aka ɓamɓare aka sake. Kafinta kuma, don ya wanke kansa, ya ce zai yi gyara kyauta. Ya ɗora kwanon ruwa a tsakiyar tebur, ya ga ruwan ya karkata gabas, ya sa aka ɗaga ƙafar ya cusa falle-fallen katako har ruwan ya daidaita. Alƙiblar ma ta tafi ke nan.

Kafin ranar kasuwa Baba ya rufe zaure ya gwada, ni ina tsaye a ƙofar cikin gida. Ya buga, ƙwallo ya daki gabas, ya daki arewa, ya ƙetaro, ya yi ta yawo abinsa.

"Uwata, ina ya tsaya?"

"Ga shi nan bayan hannunka na hagu, Baba."

Na ba shi shawara ranar kasuwa ya kwanta ya ce wa mutane bayansa ke ciwo. Ya ce shi ne zai gudu daga mai warin awaki? Wallahi na ji tsoro, na kuma ji haushinsa, na shiga ɗaki na yi kukana.

Ranar kasuwa zaure ya cika, don labarin sabuwar roba ya zagaya gari. Mijina ya tsaya a waje jikin taga, tunda ba ya zama inda surukinsa yake, yana ta karɓar yabo. Taubashi ya iso da zaginsa da ya saba, ya fara bugu, ƙwallaye suka watse. Baba ya zagaya yana kakkaɓe ƙurarsa, ya sunkuya, ya buga. Sannan ya juya fuska wajen ramin gabas yana jiran ya ji faɗuwa. Ba abin da ya faɗa. Farin ƙwallon ya zagaya teburin ya dawo ya tsaya daf da cikinsa.

Da aka sake zagayowa kansa, ƙwallon yana nan kusa da inda yake tsaye. Baba ya bar shi ya taka har can ɗaya ƙarshen, yana shafa ƙyalle yana nema. Taubashi ya cire hularsa ya kaɗa masa daga tsallaken tebur. Baba bai ko ƙifta ba.

"Tun yaushe?" in ji taubashi.

"Tun bara waccan."

"La'ilaha illallahu! Tun bara waccan makaho ke cina? Ina shan rana a bayan mota tun daga Belbeji, ina zuwa makaho na yi mini wanka? Jama'a, ku ji mini mugun tsoho!"

Wasu suka kwashe da dariya, sannan suka haɗiye ta. Taubashi ya ajiye sanda ya ce a bar wasan. Baba ya daka masa tsawa:

"Ɗauki sandarka! In ka ji tausayina, har lahira sai mun yi shari'a."

Ya ɗauka. Ya yi ta zura ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya, yana zagin Baba, hawaye na bin gemunsa. Da na ƙarshe ya faɗa rami ba wanda ya yi tafi.

"An ci ni," in ji Baba. "Ku je ku faɗa, kada ku rage komai." Sannan ya ɗaga murya: "Kai, direba! Na san kana nan jikin taga. Shigo."

Bai taɓa kiransa kai tsaye ba. Mijina ya shigo ba takalmi, ya zube a ƙasa yana cewa a yafe masa, wallahi bai sani ba.

"Wa ya tambaye ka? Roba ta yi kyau. Tunda ka iya gyaran tsofaffin kaya, gobe ka zo da mota ka kai ni Damagaram a duba idon nan."

Ya miƙa hannu don su tafa a kan maganar, sai ya miƙa shi gefen da babu kowa. Mijina ya ja jiki a tsugune har ya isa inda hannun yake.