Shekarar da muka fafe injin akori-kura

Tun da aka tare gulbi a Goronyo rani ya daina zama lokacin zaman banza a wajenmu. A da, in an gama kai gero rumbu, sai samari su naɗe tabarma su tafi cin rani. Da ruwa ya fara biyo magudanun siminti yana shiga gonaki, sai fadama ta yi kore shar a watannin da ko akuya ba ta samun abin tsinka. Ni da yayana muka kama noman albasa. Shi ne babba a gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya riƙe ni har ya yi mini aure, don haka bakina bai taɓa kama sunansa ba. Yaya nake ce masa.

Muna da wata tsohuwar akori-kura fara mai shan gas, wadda muka saya a hannun wani ɗan kwangila da ya gama aikinsa ya koma garinsu. Ni ke tuƙa ta. Ita ke fitar mana da albasa daga fadama zuwa tudu, ita ke kai ta kasuwa. Lokacin cirar albasa kowa mota yake nema, wanda ba shi da tasa sai ya zauna yana kallon tulinsa yana laushi a rana, yana kuma kallon gabas kada ruwan farko ya riske shi.

A gefen injin akwai wani ƙarfe mai siffar katantanwa da ake kira turbo. Taubashinmu, ɗan gwaggonmu, wanda ke kanikanci a Wurno, ya ce aikinsa irin na zugazugin maƙera ne, yana cusa iska cikin inji don wutar ciki ta ƙara ci. In na taka totur yakan yi wani siririn fito. Da hantsi, in na biyo gefen babbar magudana, ruwa na tafiya a hannun damana, ni ma ina tafiya, belbelu na tashi daga shinkafa suna sauka gaba kaɗan, sai in rasa gane ko motar ce ke tafiya ko ƙasar ce ke zamewa a ƙarƙashinta. Sau da yawa nakan isa inda za ni ban san lokacin da na wuce garuruwan da ke tsakani ba.

A shekarar da nake ba da labarinta, albasa ta fara kwantar da ganye ke nan motar ta fara gajiya. Hayaƙi ya yi yawa a salansa, baƙin mai kuma kullum sai an ƙara. Akwai wani gangare mai yashi da ake hawa in an fito fadama, sai ta kai tsakiya ta tsaya tana nishi, mu sauke rabin buhunan, mu hau, mu dawo mu kwashi sauran a ka. Yaya ya tsani gangaren nan. Ya ce mu kai ta Wurno kafin cira ta kankama.

Taubashinmu ya kwance injin a inuwar wata darbejiya, ya jera ƙarafan a kan buhu. Ranar na fara ganin cikinsa. Babban ƙarfen da ake kira bulok yana da ramuka huɗu a jere, silinda ke nan, kowanne da fistin da ke hawa da sauka a ciki kamar taɓarya a turmi. Na leƙa na ga sararin sama a bangon ramin, da ganyen darbejiya yana motsi, kamar mai leƙa rijiya. Taubashi ya kama yatsana ya goga a ciki, na ji zane-zanen da ido bai gani sosai. Ya ce ramukan sun cinye, sai an kai birni an fafe su da inji su yi sumul, a sa fistin da ya fi na da kauri kaɗan. Ya ce an taɓa fafe shi a hannun mai shi na farko. Abin da ya rage shi ne a zaɓa, ko a ɗebe kaɗan yadda zanen zai ɓace, ko a fafe har iyakar fistin mafi girma da ake samu. Ya kuma faɗa mana cewa irin wannan bulok ɗin ba ya nan a kasuwa, in ya tafi motar ta tafi.

Yaya ya tambaya ko rami mai faɗi ya fi ƙarfi. Taubashi ya ce ya fi, amma bangon da ke tsakanin rami da rami zai sirance, ga shi ta cikin bangon nan ruwan sanyaya inji ke bi, ga turbo yana zuga wuta.

Yaya bai saurari rabin maganar na biyu ba. A shekarar da ta wuce ya buɗe bakin magudanar gonarsa da fartanya, ruwa ya kai har fangalin ƙarshe da bai taɓa jiƙa da kyau ba, albasar wurin ta fi ta kowa girma. Tun daga nan ya yarda cewa duk abin da ya ƙi, ƙuncin hanya ne ya hana shi.

"A buɗe shi hal iyaka," in ji shi.

"Sarkin albasa, wanga fa ba lambu ba na," in ji taubashi. "Bakin ruwanka in ya zabge, laka kaka ɗiba ka liƙe. Ƙarhe in anka ɗebe shi ba shi komowa."

"Kai ɗan mace, mi kas sani? Tsoro kag gada wurin dangin ubanka."

"Mu kau da tsoronmu munka tsufa. Ku ɗiyan maza, in anka ba ku tukunya, sai kun ƙwaƙule ta har gindi ya huje."

Suka yi ta yi, masu zaman gareji na dariya. Yaya ya tsinko karan dawa a jikin danga, ya gitta a bakin ramin, ya ƙara faɗin yatsa ɗaya, ya karya. Haka muke yi in za a sayo wa yara takalman Sallah, a auna ƙafa da kara, a ƙara kaɗan saboda girma. Ya miƙa mini ya ce in kai wa mai injin fafewa, in ce masa babba ake so.

Da muke ɗora bulok ɗin a motar haya, taubashi ya ja ni gefe. Ya ce in na isa in ce a ɗebe kaɗan kawai, bambancin bai kai kaurin farce ba, Yaya ba zai taɓa ganewa da ido ba. Zuciyata tana tare da maganarsa. Amma a gidanmu yadda aka ba ka saƙo haka kake kai shi. In kana da ja, a gaban mai aiken za ka yi, ni kuwa ban taɓa ja da Yaya a gaban mutane ba, kuma lokacin ya wuce.

Hanyar birni ranar ta yi mini tsawo. Na zauna a baya na dafa bulok ɗin da hannu don kada ya gungura, karan yana aljihuna. Shinkafar Wurno ta bi mu da korenta har ta gaji ta koma, tudu ya karɓe mu da jar ƙasa da sabara. Kawalwalniya tana kwance a kan kwalta, muna matsowa tana ja da baya. Na yi ta juya kalmomin biyu a bakina, babba, kaɗan, babba, kaɗan, har gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga kaina ina tafiya a kan wani siririn bango tsakanin rijiyoyi biyu, duka cike da ruwa.

Mai injin fafewa dattijo ne mai farin gemu da tabarau ɗaure da zare. Na ba shi karan. Ya juya shi, ya gwada a ramin, ya yi murmushi, ya ce in ya bi wannan awon, ramukan huɗu za su haɗe su zama tafki ɗaya. Ya soke karan a jikin rufin shagon, ya ɗauko nasa ma'aunin. Ya nuna mini wasu lambobi a kan fistin. A lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, lambobin sun yi mini kama da sawun tsuntsu a laka. Na tambaye shi ko zai yi aiki in an fafe har iyaka. Ya ce zai yi, zai ma yi gudu kamar ba tsoho ba, sai dai ba zai iya faɗa mini har zuwa yaushe ba, kuma daga wannan babu sauran wata fafewa.

"To kai mi kag gani?" ya ce.

"Baba, ni aiko ni anka yi. Babba anka ce."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to, Allah shi sa albarka. Ya ɗaure bulok ɗin, ya kunna inji. Wani ƙarfe ya riƙa sauka cikin ramin a hankali yana juyawa, garin ƙarfe baƙi mai laushi yana zubowa ƙasa kamar kwalli. Na tsuguna ina kallonsa yana taruwa. Na ɗebi kaɗan na murza a yatsa, da ɗuminsa.

Da taubashi ya ga girman fistin ɗin da na kawo, sai kawai ya kama aiki. Ya haɗa injin da kyau, ya ce kada in cika mata kaya, in riƙa duba ruwan lagireto kowace safiya.

Ban taɓa tuƙa abu irin motar nan a wannan bazarar ba. Ranar farko muka cika ta da buhuna har sama da kai, muka nufi gangaren. Yaya na gefena ya riƙe ƙofa. Na sa giya na taka, ta haye kamar an ɗauke ta a tafin hannu, yashi na watsuwa a baya. Masu cira suka miƙe a gonakinsu suna kallo. Gemun Yaya sai rawa yake yi. Da muka hau tudu ya ce in koma mu sake hawa, ba don komai ba, na koma muka sake.

Daga nan kwanakin suka haɗe mini. Ina tuna warin albasa da ya kama rigunana har matata ta daina ƙoƙarin wanke shi. Ina tuna ruwan dam da rana tsaka, fari fat, ba a gane inda ya ƙare da inda sama ta fara, da masunta a tsaye cikin jiragensu kamar an rataye su a iska. Mukan kai albasa Goronyo ranar kasuwa, mu kai wajen Rabah mu dawo da gero. Maƙwabta suka fara roƙon a ɗaukar musu tasu, Yaya kuwa ba ya iya cewa a'a, ballantana ga mai yabon motar. Maganar kada a cika mata kaya ta bi iska. Ina duba ruwan kullum. Wata safiya na ga ya ragu kaɗan, na ƙara. Washegari ya ragu fiye da haka. Na faɗa wa Yaya, ya ce zafin bazara ne, ko mutum ma yanzu ya fi shan ruwa. Saura tuli biyu na albasarmu a fadama, an rufe su da tattaka, ya ce in mun kwashe su sai a kai ta a duba.

Ba mu kwashe ba. Muna kan hanya tsakanin Tursa da Maikujera da kayan wani maƙwabci, da azahar, na ji ƙarfinta ya zube. Farin tururi ya turnuƙe a baya. Na kashe ta, ta gangara kaɗan ta tsaya a gindin wani gawo. Na zaro ƙarfen duba mai, na ga baƙin man ya koma fari-fari kamar kunu. Na nuna wa Yaya. Ya tambaye ni mene ne wannan, na ce ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Wurin ya yi tsit, sai ƙarfen da ke ƙas-ƙas yana hucewa da wata kurciya a sama. Yaya ya cire takalmansa ya kakkaɓe, ya mayar, ya kama hanyar gari neman masu amalanke.

Aka jawo ta zuwa Wurno. Da aka buɗe, tsagar tana tsakanin ramuka biyu na tsakiya, siririya kamar gashi. Taubashi ya nuna wa Yaya da tsinke, bai yi masa ba'a ko ɗaya ba, abin da ya fi ba'ar nauyi. Yaya ya bi tsagar da farce daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya ƙaddara. Kafin mu samu motar haya ruwan farko ya sauka. Tuli ɗaya muka tsirar da jakuna, ɗayan ya jiƙe, muka zuba shi a rami.

Da damina ta wuce, lokacin yafa iri ya zo, Yaya ya kira ni ya aike ni kasuwar Goronyo in sayo irin albasa. Na tsaya ina jiran ya faɗi wane iri da wurin wa, yadda ya saba. Yana gyaran igiyar akuya, bai ɗago ba.

"In ka tahi ka duba," ya ce. "Wanda kag ga ya yi, shi na."

Na isa rumfar masu iri da hantsi. Kowa na buɗe ƙullinsa yana rantsuwa nasa ya fi. Na ɗiba na shinshina, na murza, na tauna, na zaga na dawo. Ban san zaɓe yana da gajiya haka ba. Har aka yi la'asar ina nan, masu rumfa sun fara tambayata ko aikin gadi na samu. A ƙarshe na sayi iri biyu wurin mutum biyu, na ƙulle kowanne a gefe ɗaya na rawanina, na hau motar gida.